Sikon ɗina ya ƙi tashi, dangin miji sun mai da ni abin dariya

Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce a Kaduna, ban cika shekara a ɗaki ba. Maigidana a Ingila ya yi karatu, can ya saba shan shayi da wani abin gashi da ake kira sikon, akwai mai zaƙi akwai mai cuku. Tun da ya ba ni labarinsa na ɗaura niyyar yi masa. Nakan haɗa fulawa da bota da bekin foda da madara, in murza kwaɓin sosai har ya yi santsi, in rufe shi ya tashi yadda nake wa fanke, sannan in gasa a ƙaramar wuta don kada ya ƙone. Kullum a kwance yake fitowa, ga tauri. Mai cukun kuwa da irin cukun nan mai kusurwa uku na yi, ko ɗanɗanonsa ba a ji. Ranar da ƙannensa mata suka zo, ya ɗauki sikon ɗaya ya ƙwanƙwasa a kan tebur, aka yi ta dariya. Yanzu sun sa masa suna duwatsun amarya. Na taya su dariya, amma da suka tafi sai da na yi kuka. Ga shi yayarsa da ke aure a Birmingham za ta zo hutu a watan Disamba, ya ce in yi mata. In ce ba zan iya ba ne kawai in huta, ko akwai abin da nake ɓatawa?

Amarya, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki ce ba za ki iya ba. Wasiƙarki ta riga ta nuna mini inda gizo ke saƙar, kuma abin da zan gaya miki shi ne hannunki ne ya yi wa sikon yawa. Kin murza kwaɓi har ya yi santsi, kin bar shi ya tashi, kin gasa a ƙaramar wuta. Duk macen da ta tashi a gidan da ake yin fanke da cincin da taliya 'yar murji haka za ta yi, don haka aka koya mana, kuma a waɗancan abincin daidai ne. Sikon ne ya sha bamban: ba ya son murza, ba ya son jira, ba ya son zafi kafin ya shiga wuta, in kuma ya shiga yana son wuta mai ƙarfi.

Bari in fara da murzar, don ita ce babbar mai laifi. A cikin fulawar alkama akwai furotin da in ruwa ya taɓa shi aka yi ta juya shi, sai ya sarƙe ya zama danƙo, shi ne masana ke kira gulutin. Wannan danƙon ne ke sa burodi ya yi jan nan da muke so, shi ne ke hana taliya tsinkewa a injin murji. A sikon kuwa shi ne taurin da maigidanki ya ji. Santsin nan da kika gani a kwaɓinki kika yi farin ciki, alama ce danƙo ya riga ya kama. Kwaɓin sikon mai kyau ba shi da kyan gani ko kaɗan. Yakan yi kaca-kaca, da tsaga-tsaga, har ki riƙa jin bai gama haɗuwa ba. To a nan ake tsayawa. Ki kuma sani yawancin fulawar da muke awo a kasuwa don masu gidan burodi aka niƙa ta, danƙonta ya fi na fulawar da matan Ingila ke yin sikon da ita. Saboda haka ke kin fi su buƙatar sassauta hannu. In kina so ki rage mata ƙarfi, ki ɗebe babban cokali biyu daga fulawar da kika auna, ki mayar da kwanfulawa, wato farin garin sitacin masara, a madadinsa.

Sai maganar tashi. Fanke da yis ake yinsa, shi kuwa yis abu ne mai rai, yana buƙatar lokaci da ɗumi kafin ya yi aiki. Bekin foda ba haka yake ba. Wani mai haɗa magunguna ne a Birmingham ɗin nan da yayar mijinki take, Alfred Bird, ya haɗa shi a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis, yana neman abin da zai kumbura mata burodi ba tare da shi ba. Soda ce da wani sinadari mai tsami a bushe. Da zarar ruwa ya haɗa su sai su fara sakin iska nan take, ragowar kuma ta fita idan zafin wuta ya buge su. Da kika rufe kwaɓinki kika ajiye a kicin, iskar farko ta tsere ta bar ki, botar ciki kuma ta narke. Ki fara kunna oben kafin ki taɓa fulawa, ta yadda daga zuba madara zuwa shiga wuta ba zai wuce minti goma ba. In dole sai kin jira, a firiji za ki jira.

Shi kansa bekin fodan ki gwada shi kafin ki ɓata kayanki. Zuba rabin ƙaramin cokali a kofi, ki tsiyaya masa ruwan zafi. In ya yi kumfa yana tsuwwa, yana da rai. In ya kwanta shiru, zubar da shi ki sayi sabo. Wanda ake ƙullawa a leda a kasuwa, musamman in ya ga damina, sau da yawa ya sha iska ya mutu tun kafin ya iso gida.

Yanzu bota, wadda a ganina ita ce ta fi wahalar da mu a ƙasar nan. Ana son ta shiga fulawa da sanyinta, ta zauna a ciki gutsi-gutsi ba tare da ta narke ba. Bota ba zallan mai ba ce, kusan kashi 16 cikin ɗari nata ruwa ne. Idan guntayen nan suka shiga wuta mai ƙarfi, ruwan cikinsu ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin, sai ya bar ƙananan ramuka a baya, shi ya sa sikon mai kyau ke rabuwa biyu da hannu ba sai an sa wuƙa ba. Man da ya lulluɓe fulawar kuma yana tare ruwa, ya rage danƙon da na yi miki bayani. Matsalar ita ce bota tana narkewa ne a wajen digiri 32 zuwa 35, kicin ɗinmu kuwa a watan Maris da Afrilu yakan kai haka ko ya wuce, ga ɗumin tafin hannu. Sikon abincin ƙasar sanyi ne, daga Sikotland ya samo asali, inda mace za ta bar bota a kan tebur ta dawo ta tarar da ita a daskare. Ba gazawarki ba ce, yanayin ne ba ɗaya ba.

Abin da za ki yi shi ne ki sa botar a firiza ta yi tauri, sannan ki goga ta a magogin kuɓewa kai tsaye cikin fulawa. In ba wuta, ki sayi ƙanƙara ki sa a kula, ki ƙulle botar a leda ki ɗora a kai, madarar ma ki sa ta a ciki. Ki tsoma hannuwanki a ruwan sanyi ki goge kafin ki fara. Ki yi aikin da sassafe bayan asuba, kafin gari ya ɗau zafi. Kin ma yi sa'a baƙuwarki a hunturu za ta zo, don babu lokacin da ya fi sanyin Disamba dacewa da wannan gashi a Arewa. Majarin mai tauri da ake sayarwa don yin kek zai iya tsaya miki in bota ta yi tsada, sai dai ƙamshin ba zai kai ba. Mai laushin nan na shafa wa burodi kada ki sa shi. Soyayyen man shanu ma ki bar shi wa tuwo, don an riga an ƙone ruwan cikinsa.

Ga awon da nake so ki riƙe. Fulawa giram 250, wato kusan gwangwanin madara uku a shafe, ba tozo. Bekin foda ƙaramin cokali uku. Gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka. Bota giram 60, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙullin giram 250. Sukari babban cokali biyu ko uku. Madara mai sanyi mililita 150, gwangwani ɗaya da bai cika ba. In ta gari ce ki dama ki sanyaya tukuna. In da hali ki sayi ƙaramin sikelin kicin, don gwangwani yakan yi ƙarya, yau ki danna fulawa gobe ki zuba ta a sake.

Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri a roba mai faɗi. Ki goga bota a ciki, sannan da kan yatsunki kaɗai, ba da tafin hannu ba, ki riƙa ɗebo fulawar kina marmasa ta kina sakinta daga sama, har ta koma kamar garin kwaki mai ɗan tsakuwa-tsakuwa. In kin ga wasu guntayen bota sun rage ba su ɓace ba, ki ƙyale su, su ake so. Zuba sukari ki gauraya. Ki yi rami a tsakiya ki zuba madarar, amma ki rage cokali biyu a gefe, don wata fulawar ta fi wata shan ruwa. Ki ɗauki wuƙar cin abinci marar kaifi ki riƙa yanka kwaɓin kina juyawa, har fulawar ta daina yawo a gindin roba. In ya bushe ki ƙara ragowar madarar. Kwaɓin ya yi laushi, ya ɗan kama yatsa kaɗan.

Barbaɗa fulawa a kan tebur ki juye shi. Ki tattaro shi da hannu biyu, ki ninka shi sau biyu ko uku, shi ke nan. Ki ajiye abin murza cincin a gefe, da tafin hannu za ki danna shi a hankali har kaurinsa ya kai santimita biyu da rabi zuwa uku, kaurin yatsu biyu a haɗe. Mata da yawa a nan suke faɗuwa, su baje shi siriri saboda su sami yawa, ya fito biskit. Wannan awon guda shida ko bakwai zai ba ki, kada ki nemi fiye da haka.

Wurin yanka, ƙaramin gwangwanin tumatir da aka buɗe bakinsa da gindinsa aka wanke ya fi kofin gilashi, don bakin kofi kauri gare shi, yana matse gefen kwaɓin ya liƙe. Ki tsoma gwangwanin a fulawa, ki danna shi ƙasa sak, ki ɗago shi sak. Kada ki murɗa. Murɗawar nan tana ɗinke gefen, sai sikon ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Ragowar kwaɓin ki tattara a hankali ki sake yanka, ki kuma san na biyun ba zai kai na farko kyau ba. In ba ki son asarar, ki yi kwaɓin da'ira ɗaya ki yanka shi da wuƙa mai kaifi gida shida, a Sikotland ma haka aka saba yi tun asali. Ki jera su a tire kusa da juna, ki shafa ruwan ƙwai ko madara a samansu kawai. Kada ya zubo ta gefe, in ya zubo yakan bushe ya riƙe kwaɓin.

Wutar kuwa digiri 220 ake so, in obenki mai fanka ne 200, in na gas ne mai lamba ki kai shi 7. In ba shi da lamba ko kaɗan, ki ƙure shi ki bar shi a rufe minti ashirin kafin ki sa komai. Ki ɗora tiren a saman tsakiya. Minti 12 zuwa 15 sun isa, kuma kada ki buɗe ƙofar a minti goma na farko. Ƙaramar wutar da kike tsammanin tana kare miki shi daga ƙonewa ita ce ke narkar da botar a hankali ta tsiyaye, kwaɓin ya bushe kafin ya samu ya ɗaga. Za ki gane ya yi idan samansa ya yi ja-ja, gefensa ya tsage a tsakiya, in kin ɗaga kuma ki ji shi sakayau. Ki sauke a kan raga, ki yafa masa tsumma mai tsabta don ɓawonsa ya yi taushi.

In kin saba da wannan, ki gwada da kindirmo marar sukari a maimakon madara. Turawa kan nemi irin wannan nono mai tsami musamman don sikon, mu kuwa ga shi a ƙofar gida. Tsaminsa yana ƙara wa cikin taushi. In za ki sa shi, ki mayar da bekin foda ƙaramin cokali biyu, ki ƙara kwatan cokali na bekin soda. Kada sodar ta wuce haka, in ta yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu.

Mai cuku kuma, laifin na cukun da kika saya ne. Mai kusurwa ukun nan an sarrafa shi ne don shafa wa burodi, laushi ya yi masa yawa, ɗanɗanonsa kuma ba shi da ƙarfin da zai ratsa fulawa. Mozarela ta fiza ma ja kawai take yi. Abin da maigidanki ya ci a can, kusan tabbas cheda ne, cuku mai tauri da ya samo sunansa daga wani ƙauye a yankin Somerset. Ana samunsa a manyan kantuna a Kaduna, da tsada kam, amma giram 100 ya ishi wannan awon. Ki nemi wanda aka rubuta ya daɗe a ajiye, shi ya fi kaifi, kaɗan ɗinsa ya fi mai yawa na sabo. Ki cire sukarin gaba ɗaya, ki rage gishiri don cukun da gishirinsa yake zuwa. Ki goga shi da sanyinsa a manyan ramukan magogi, ki zuba kashi uku cikin huɗu bayan kin gama marmasa bota, ragowar ki barbaɗa a sama bayan ruwan ƙwai. Turawa kan sa rabin ƙaramin cokali na garin mustad, wani kayan ƙamshi mai ɗan yaji, da ɗan barkono, su ne ke fito da ɗanɗanon cukun. In ba ki da mustad, ɗan garin barkono da yankakken lawashi sun wadatar, ni ma haka na fi sonsa. Cukun Buzaye da ake kawowa daga Agadas da Tawa busasshe ne, ba zai narke ya bi jikin kwaɓi ba, don haka kada ki dogara da shi a nan. Awara kuwa waken suya ce, ba ta cikin wannan lissafi.

Mai zaƙin kada ki cika masa sukari don kin ji bai kai kek ba. Da gangan ake barinsa haka, saboda ana raba shi biyu a shafa jam da wani kirim mai kauri. A kudu maso yammacin Ingila har musu ake yi a kai, mutanen Devon su fara shafa kirim sannan jam, na Cornwall su fara da jam. Wannan kirim ɗin da wuya ki same shi a nan, bota da jam ko zuma sun isa. In kina so ki zuba busasshen inabi ko yankakken dabino cikin tafin hannu ɗaya kafin madara. Ki kai shi tebur da ɗuminsa, domin sikon ko na gwanaye ne in ya kwana sai ya yi tauri.

Yanzu bari mu koma kan kukan da kika yi, don shi ya fi damuna.

Tsokanar ƙannen miji ba baƙon abu ba ce a wurinmu, wasa ne da aka gada tsakaninsu da matar yayansu, kuma da kansu za su daina idan ba su ga yana cin ki ba. Kada ki kai ƙararsu, kada ki ɗaure musu fuska. Abin da ya yi miki ciwo, in na fahimce ki, shi ne wanda kika yi wahalar dominsa ne ya buɗe musu ƙofa. Wannan kuwa hakkinki ne ki faɗa masa. Ina kyautata zaton bai san ya ɓata miki ba, tunda ya ga kin yi dariya. Namiji in ya ga an yi dariya, a wurinsa magana ta wuce. In kin yi shiru zai sake, ke kuma ki ci gaba da tarawa a zuci har ranar da za ta fashe a kan wani abu ƙarami.

Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kaɗai, ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da wani sikon ɗin ke gabansa ba. Ki ce masa wani abu irin haka: “Ranar nan da ka ƙwanƙwasa abin nan a gaban ƙannenka, na yi dariya amma raina bai so ba. Don kai na koya. In bai yi ba ka gaya mini ni kaɗai, zan gyara.” Ki tsaya a nan, kada ki jawo tsofaffin laifuka ki haɗa. Daga nan ki sa shi cikin aikin. Shi ne ya taɓa ganin abin da idonsa, ke labari kawai kika ji. Ya kwatanta miki girmansa, da yadda cikinsa yake, ko akwai inabi a wanda ya saba ci. Cheda da sikelin ma shi ya sayo. Wanda ya san kuɗin da ya kashe a kan cuku ba zai yi saurin mai da shi abin wasa ba.

Zuwan yayarsa kuma kada ki ɗauke shi jarrabawa. Matar da ke zaune a Birmingham sikon na kowane kanti a unguwarsu, ba shi ta yi kewa ba. Abin da ranta zai biya shi ne masa da miyar taushe, da dambun nama, da tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu, irin abin da kika fi kowa sanin kansa. Su za ki sa a gaba. Sikon ya zo da shayin la'asar a matsayin ƙari, in kuma ranar bai yi yadda kike so ba, babu wanda ya ce dole sai ya fito daga kicin. Tun kafin ta taso ki kira ta ku gaisa, ki ce mata kina koyon sikon, ki roƙe ta ta taho miki da ƙarfen yanka shi da garin mustad da ɗan ma'aunin zafin oben, duka ba su da nauyi a jaka. Babbar yaya tana jin daɗi idan amarya ta nemi taimakonta, kuma mai yiwuwa ta shiga kicin ɗin tare da ke.

Kafin Disamba ki gwada rabin awon nan ranar da kike ke kaɗai a gida, mai zaƙi tukuna don ya fi arha, sai hannunki ya faɗa sannan ki taɓa cukun. In ya fito da tauri, murza ta yi yawa ko madara ta yi kaɗan. In ya baje a tire, botar ta narke ko oben bai yi zafi ba. In ya tashi a karkace, kin murɗa gwangwani. In samansa ya yi ja cikinsa da saura, ki sauko da tiren mataki ɗaya ki ƙara minti biyu ko uku. Ki rubuto mini abin da kika gani, in akwai saura mu gyara tare. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa albarka a aurenku.

Antinki